Tabkin da Inna Tumba Ta Tsare

Daminar bana ta cika shekara goma sha tara da muka kai mahaifiyata makwancinta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. A gida Inna muke ce mata, amma daga Dogon Daji har ƙauyukan Kebbe, in ba ka ce Tumba mai tsinke ba, ba wanda zai gane wadda kake nufi. Kowace shekara nakan tara jikoki a yi mata addu'a, a raba waina, kowa ya kama gabansa. Bana abin bai tsaya mini nan ba. Na ga wani abu a bakin tabkin garinmu watan jiya wanda ya hana ni sakat, kuma akwai laifin da na daɗe ina dannewa. Gara in faɗa da bakina tun ina da sauran numfashi.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, ina kuwa taya su murna. Tsutsa ce fara, siririya kamar zare, tsawonta yakan kai kamu biyu. Mutum zai sha ƙwayarta a ruwa bai sani ba, ta kwanta a jikinsa shekara guda cur, ba ciwo ba zazzaɓi. Sai damina ta zauna, an yi shuka, noma ya kankama, sannan ƙafa ta yi bororo, da zafi kamar an ɗora garwashi. Bororon ya fashe, kan kurkunu ya leƙo. Daga ranar ka bar gona ke nan. A garinmu, wanda ke can tsakanin Tambuwal da Kebbe, na ga shekarar da gida guda ya kwantar da mutum bakwai, ciyawa ta cinye gero suna kallo daga bakin zaure.

Aikin Inna shi ne fitar da shi, hannun kuwa daga kakarta ta gada. Za ta kama kan da sillen kara, ta naɗe ɗan kaɗan, ta ɗaure da tsumma, ta shafa man kaɗe, ta ce a dawo gobe. Ba ta ja. In aka ja ya tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, wani ma gwiwar ta sandare har ya mutu. Wata guda, wani lokaci biyu, tana bin tsutsa ɗaya da lallashi. Mace ce mai faɗa, ba ta ɗaukar raini ko daga hakimi, amma in ta riƙe tsinke sai ka rantse ba ita ba ce. Mutane suna alfahari da cewa kurkunu bai taɓa tsinkewa a hannun Tumba ba.

Sirrin aikin nata a tabki yake. Akwai wani gungumen giginya da ya faɗi a bakin ruwa tun kafin a haife ni. Kowace safiya, hantsi bai ɗaga ba, za ta jera majinyatanta a kansa, kowa ya tsoma ƙafa. Sanyin ruwa yana kashe zafin nan take, za ka ji ƙaton mutum ya sauke ajiyar zuciya. Sai kurkunu ya leƙo ya fesar da wani farin ruwa kamar nono. Inna ta yi murmushi ta ce ya amayar da dafinsa, yanzu zai yi laushi. Gaskiya ne kuwa, yakan yi laushi ya naɗu. Taku goma daga gungumen, matan gari suna cika tuluna.

Da sunanta ya tafi, sai aka riƙa ɗauko mata marasa lafiya a kan jakuna daga Sanyinna, daga rugage, daga ƙauyukan da ko sunansu ban sani ba, duk a jera su a gungumen nan. Garinmu ya fi kowane gari a yankin yawan kurkunu. Dattawa sukan ce rahamar Allah ce, Ya ajiye mai magani inda cutar ta fi yawa. Haka na taso ina ji, haka na yarda.

Ni ma na zauna a gungumen. Lokacin an ba mu sabuwar Jihar Sakkwato, kuɗin mai sun cika gari, kowane saurayi yana mafarkin babur da rediyo. Har wani ɗan kwangila ya zo ya sauke zobban siminti wai zai gina mana rijiya, aka yi masa kiɗa, ya tafi ɗauko ma'aikata, har yau muna jiransa. Awaki ne suka ci moriyar inuwar zobban. A shekarar na samu takardar shiga kwalejin horon malamai, saura mako biyar in tafi, sai idon sawuna na hagu ya yi bororo. Na ce shi ke nan, karatu ya wuce ni. Ni ne ɗan farin Inna, ba ta faɗin sunana, ba ta kallon fuskata, in za ta yi mini magana bango take yi wa. Amma kullum safiya ita ke ɗora ni a kan jaki ta ja ni zuwa tabki. Ranar da gaggawa ta sa na kai hannu zan fizge tsinken, ta make mini yatsu da kara har sai da na ga taurari. Saura kwana biyu in tafi kurkunun ya fito ɗungurungum. Da ƙafar nan na taka na hau motar Tambuwal, kuma duk abin da na zama daga nan ya faro.

Na faɗi wannan ne don a san irin nauyin da ke kaina lokacin da ma'aikatan lafiya suka zo, bayan shekara goma sha wani abu. A lokacin ni ne shugaban makarantar firamaren garinmu. Suka tara maza a ƙofar hakimi, suka ce duniya ta ɗaura aniyar ganin bayan kurkunu, ba a ƙasarmu kaɗai ba, duk inda yake. Suka ce ba allura, ba ƙwaya, hanya kawai za a datse masa. Babbansu, wani dogon mutum mai sanyin murya, ya ɗaga kwalbar ruwan tabkinmu a rana, muka ga wasu ƙananan ƙwari suna tsalle a ciki. Ya ce su ke ɗauke da cutar zuwa cikinmu. Sannan ya buɗe wani hoto, mutum zaune ƙafarsa a ruwa, ya sa yatsa a kan farin abin da ke fita daga ƙafar. Ya ce wannan ba dafi ba ne, 'ya'yan kurkunu ne, masu yawan da ba a ƙidayawa. Ƙafa ɗaya in ta shiga tabki sau ɗaya, ta isa ta kwantar da gari baɗi.

Sai ya tambaya ko akwai masu kurkunu da ke shiga tabkinmu.

Hakimi ya sunkuyar da kai yana kallon tabon da ke ƙafarsa. Liman ya hau jan carbi. Babu mutum ɗaya a taron nan da Inna ba ta taɓa tsugunawa a gabansa ko gaban ɗansa ba. Baƙon ya juyo ya dube ni, tunda ni ne mai boko, ni za a damƙa wa littafin rubuta sunayen masu cutar.

Na ce, "Babu."

Ku kira ni matsoraci, ban musa ba. Amma ku gaya mini ta ina ɗan fari zai fara. Matar da ba ka taɓa haɗa ido da ita ba, wadda ta cece ka da hannunta, ka tsaya a gabanta ka ce shekara talatin ita ke zuba wa gari cutar da take cirewa? Duk gurgun da ke garin nan, duk gonar da ta mutu? Na duba fuskokin dattawa na ga sun ji daɗin ƙaryata. Ba wanda ya ce a rufe maganar, amma kowa ya tashi da sanin an rufe ta. Mata ba su zo taron ba. Kowane magidanci ya kai wa iyalinsa ƙyallen tace ruwa da aka raba, ya ce gwamnati ta ce a riƙa tacewa, bai ƙara ko kalma ba.

Abin haushi, ba wanda ya kai Inna riƙe umarnin tace ruwa. Ta ɗaura ƙyallenta a bakin randa, tana wanke shi tana shanyawa, tana zagin matan da suka mayar da nasu matacin kamu. Da safe kuma ta jera mutanenta a gungumen giginya. Ni kuwa ina wucewa zuwa makaranta da littafina a hammata, ina kau da kai. Na ce bari a yi girbi in gaya mata. Da aka yi girbi tabki ya ƙafe, na ce ai yanzu ba amfanin tayar mata da hankali. Na ruɗi kaina da cewa tunda ana tacewa ba komai, alhali na san manomi a gona da hannu yake kamfatar ruwa, yara kuma suna sha suna wanka. Haka na cinye shekara guda ina yi wa kaina daɗin baki.

Da damina ta kewayo, kurkunu uku suka fito wa 'yata Balkisu, tana da shekara tara. Biyu a ƙafa, ɗaya a gwiwar dama. Ita ce 'yar lelen Inna, tare suke kwana, tare suke cin goro a ɓoye. Da safe na ji kukan yarinyar, na fito na tarar Inna ta goya ta, ƙafafun suna reto har gwiwarta, ta nufi ƙofa. Na sha gabanta a zaure. Wallahi ban san lokacin da na fara magana ba. Na faɗi kwalbar, na faɗi ƙwarin, na faɗi hoton, idona a ƙasa, ita kuma tana fuskantar bango kamar yadda ta saba.

Ta ce, "Farin ruwan nan, mi kac ce shi na?"

Na ce, "'Ya'yansa ne, Inna."

Sannan ta ce, "Tun yaushe kas sani?"

"Tun bara."

Ranar ce ta fara dubana ido cikin ido tun da ta haife ni. Ta ce, "Kas sani tun bara, kab bar ni ina shuka shi, ɗiyarka na sha?"

Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta juya ta sauke Balkisu a tsakar gida, ta sa aka kawo ruwa a bokiti, a nan ta tsoma ƙafar. Da ta gama ta ɗauki bokitin da kanta ta kai bayan gari ta zubar a busasshiyar ƙasa, ta tsaya har rana ta shanye shi. Biyu na ƙafa suka fito lafiya. Na gwiwar kuwa, a mako na uku, ina tsaye ina kallo Inna tana naɗe shi, sai ga abin da ban taɓa gani ba. Ya tsinke. Gwiwar ta kumbura, muka kai ta asibiti a Tambuwal, aka ceci ƙafar amma ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Balkisu yanzu uwar 'ya'ya biyar ce, har yau jan ƙafar take yi. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Washegarin ranar da na gaya mata, Inna ta tafi ƙofar hakimi, inda mace ba ta tsayawa, ta tsaya. Waɗanda suke wurin sun ce ta kira dattawa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tambaye su ko ciwon da ta cire musu ne ya sa suka rufe ta a duhu. Ba wanda ya ɗaga kai. Ta sa samari suka ɗaure gungumen giginya da igiya, shanu suka ja shi waje. Ta sa aka kwaso zobban simintin ɗan kwangila aka farfasa, aka yi matakala a bakin ruwa, inda mace za ta tsaya ta miƙa ƙwarya ba tare da ƙafarta ta jiƙe ba. Sannan ta bi gidajen guragun gari, gida gida, tana roƙon su yafe mata. Wani tsoho da ya rasa ƙafa tun ina yaro ya ce mata ai ba ta sani ba. Ta ce rashin saninta bai mayar masa da ƙafar ba.

Daga nan ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunne da sanda, ta tare a gindin marken da ke bakin tabki. Kowace damina, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, tana nan. Duk wanda ya doso ruwa sai ya ɗage wando ta duba ƙafa, ko waye shi. Ta kori ƙanen hakimi, ta kori mai tallan magani, ta yi cacar baki da makiyayan da ba su san ta ba har suka saba suka riƙa kawo mata nono. In mai kurkunu ya zo, ba ta kore shi da ƙishi. Ita za ta ɗebo, ta tace, ta ba shi, ta zuba masa a ƙafa can nesa da baki. Yara suka sa mata suna Soja. Kiran nata kuwa har cikin aji nake jiyo shi: "Kai! Fita ruwan ga!" Sunayen da ke littafina suka riƙa raguwa shekara bayan shekara, har aka yi daminar da na mayar da shi ba ko ɗigon tawada. Aka haƙa mana famfon tuƙa-tuƙa, mata suka daina zuwa tabki sai don wanki.

Na ce mata ta huta, an gama. Ta ce ban san kurkunu ba. Ko a ciwon ajalinta, da na gaya mata ana cewa a rediyo ya kusa ƙarewa a ƙasa baki ɗaya, sai ta girgiza kai. Ta ce abin da zai kwana shekara a jikin mutum bai yi tari ba, ba ya gajiya da jira. Mutane ne ke gajiya. Ba ta kai lokacin da aka sanar ƙasarmu ta rabu da shi ba. Ranar da na ji sanarwar na je kabarinta na faɗa mata, amma ko a lokacin sai da na ji kamar tana girgiza kai.

To, me za ta ce in ta ga yau? Ina jin labarin yaƙin da ake yi da shi a duniya, an ce saura ƙiris, 'yan ƙasashe kaɗan suka rage, kuma ina yi wa masu wannan aiki addu'a. Amma an ce a Chadi yanzu har a jikin karnuka yake fita, Chadi kuwa ba bayan duniya take ba. Mutane da dabbobi ba su san iyaka ba. Famfonmu ya lalace shekara biyu ke nan, mun kai kuka har mun gaji. Gari ya koma tabki. Matakalar Inna ƙasa ta binne ta. Ƙyallen tacewa kuwa, jikata ta tsinci na Inna a akwati ta tambaye ni ko gidan sauro ne ya yage. Malamin asibitin da ke duba mu yaron kirki ne, amma da bakinsa ya ce mini a hoto kawai ya taɓa ganin kurkunu. Ga kuma mutanen da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan daji, wasu daga inda ba mu sani ba, sun kafa bukkoki a gabas da tabki. Ba su da wani ruwa sai shi, ba kuwa mai zuciyar da zai hana su.

Watan jiya da hantsi na bi ta wurin, Balkisu tana bayana da kwanon wanki. Sai na ga wata baƙuwa, matashiya, cikin masu gudun hijirar, tsaye cikin ruwa zuwa ƙwauri, daidai inda gungumen giginya yake a da. Ba ɗiba take yi ba, ba wanki ba. Tsaye kawai take, idonta a lumshe, an ɗaure mata idon sawu da tsumma. Na san tsayuwar nan. Na yi ta da kaina. A gefenta yara uku suna cika jarka, ɗayansu jikana ne.

Kun san abin da na yi? Na tsaya. Na ce a raina matar mutane ce, baƙuwa ce, wa ya san wanda aka kashe mata, ina ni ina tsawata mata a gaban jama'a. Da furfurata, da duk abin da na gani, kunyar nan ta sake kama mini harshe. Har yaran suka cika jarka ɗaya suka jawo ta biyu ban ce uffan ba.

"Ke! Fita ruwan ga!"

Na waiga ina neman Inna. Balkisu ce. Ta yar da kwano, ta wuce ni tana jan ƙafa, ta shiga ta kamo hannun matar ta fito da ita. Matar ta tsorata, ta ce ba ta yi komai ba, ruwan ne kawai ke sanyaya mata zafin. Balkisu ta zubar da jarkokin a tudu, ta zaunar da ita, ta ɗebo ruwa ta zuba mata a ƙafa can nesa da baki, kamar wadda aka koya wa jiya. Ba ta dube ni ba sai da ta gama. Da ta dube ni kuwa, na gane ta ga tsawon tsayuwar da na yi.

Muka kai matar asibiti. Malamin ya kwance tsumman ya duba da kyau, ya ce gyambo ne, ƙaya ce ta soke ta a gudun da suka yi cikin daji. Ya wanke ya ɗaure, ya ce zai sanar da na gaba da shi duk da haka, kuma a kawo ta in an ga wani abu ya leƙo. Har yau ba a ga komai ba, kuma na yarda da shi. Ina so in yarda da shi.

In an tambaye ni abin da ya rage na Inna bayan shekara goma sha tara, ba tsinken ba ne, wannan ya tafi, Allah Ya sa kar a sake nemansa. Ba matakalar ba ce. Muryar ce, ita ma ba a bakina ta sauka ba, ni da na yi boko na riƙe littafi. Ta tsallake ni ta faɗa kan yarinyar da shiruna ya gurgunta. Balkisu ta ɗauko kujerar kakarta, yanzu ita ke zama a gindin marke, yara kuma sun fara yi mata dariya kamar yadda iyayensu suka yi wa Soja.

Ni kuwa na rubuta ranar da gawayi a bangon ɗakina. Na san adadin lokacin da ƙafar nan ta yi a ruwa ina kallo, na san kuma jikana ya kurɓa da hannu kafin ya fara cika jarka. Kowace safiya in ya zo gaishe ni, idona a ƙafarsa yake sauka. Malamin asibiti ya ce gyambo ne. Saura wata goma sha ɗaya mu sani.